Zuwa ga Ummi, Wadda Na Koya wa Shiru

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Assalamu alaikum, takwarata. Ina gaishe ki gaisuwar kaka, wadda ba ta zuwa da tsaraba. Ina fatan kin sauka Kano lafiya, kin sami ɗaki mai ƙofa da sakata, kuma ruwan birni bai ɓata miki ciki ba. Allah ya tsare min ke a fita da shiga, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa.

Kada ki nemi labarin gida a takardar nan, babu. Kademi tana nan inda kika bar ta. Kuma kada ki yi wa rubutuna dariya. Shekara biyu kacal na yi a ajin yaƙi da jahilci, rabinta ma hira muka sha a bayan aji. Na ƙi yi miki magana ta waya ne don na san halinki. Za ki saurara, ki ce "To, Iya," shi ke nan iska ta kwashe.

Takardar nan za ta same ki ranar Litinin, ranar da za ki fara aikin nas a ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwon zuciya ya kai su gargara. Ba na shakkar kanki, kin ci jarrabawa. Ba na shakkar hannunki. Bakinki nake tsoro. Ni na ɗinke shi da hannuna tun kina ƙarama, kuma so nake in warware ɗinkin yau, kada wani ya mutu a gabanki kina jiran a ba ki izinin magana.

Ɗan abin da na gane na aikinku, ke kika koya min, lokacin da kika zo hutu kika mai da ni majinyaciyarki. Kin kwantar da ni a kan tabarma kina ɗora min marafan kwalba a ƙirji, wai su ne wayoyin na'ura. Kin ce zuciya kamar mata ce a kan turmi suna lugude. Akwai mai ja gaba, ita ke fara sa taɓarya, saura su bi. In wata ta yi gaggawa ko ta yi nawa, sai taɓare su fara karo. In kowace ta kama dakan gabanta, sai turmi ya yi ta rawa, hatsi bai daku ba. Kin ce haka zuciya kan yi, ta bar bugu ta koma karkarwa, jini ya tsaya, daga nan kuma mintuna ƙalilan ne tsakanin mutum da likkafani. A lokacin sai a hau danna ƙirji ba hutawa, a jawo na'urar da ke ba zuciya shokin, a kori kowa daga jikin gado, a buga mata, ko Allah ya sa mai ja gaba ta karɓi dakanta. Na riƙe ko ban riƙe ba? To ki ba ni makina.

Ni ban taɓa riƙe na'ura irin taku ba. Amma kurakuran da za ki iya yi a ɗakin nan, na riga ki yin su a tsakar gida.

Na fara da akuya. Tun kafin a haife ki na sayi wata jar akuya a Gafasa, ban taɓa ganin dabba mai surutu irinta ba. In tana jin yunwa ta yi kuka, in ta ƙoshi ta yi kuka, in zakara ya gifta ta yi kuka. Kakanki Malam, Allah ya ji ƙansa, yakan leƙo daga zaure ya ce, "Rakiya, a duba dabbar nan mana." In ce, "Malam, waƙarta take yi, ka ci gaba da karatunka." Har kunnena ya daina jin ta. Wata rana da azahar ina tankaɗe, na ji ta yi kuka. Na ma lura muryar ta ɗan shaƙe. Na ce bari in ƙarasa garin nan. Da na je, igiya ta naɗe wuyanta a jikin turke. Ko yanka ba a samu ba, ga ta da tsohon ciki.

Kin ce na'urorin ɗakinku wuni suke suna ƙara. Waya ta zame su yi ƙara, majinyaci ya juya su yi ƙara, har wasu tsofaffin ma'aikata sukan danna abin kashe ƙarar ba tare da sun waiwaya ba. Ke kada ki koyi wannan. Duk lokacin da ta yi kuka, ki tashi ki je. Sau ɗari za ki tarar da dattijo yana sosa hammata ne. Ki ce masa sannu, ki gyara wayar, ki dawo. Ƙafarki ce za ta gaji, ita kuma ana jiƙa ta a ruwan ɗumi ta warware.

Na biyu, kin san shi, don har yanzu ana yi min tsiya a kansa. Da ƙanena ya dawo daga aikin Hajji ya kawo min na'urar gwada hawan jini, mai batir. Ya nuna min lambar da in ta fito lafiya ce. Shi ke nan na zama likitar unguwa. Mata na zuwa da safe, ina ɗaura musu a dantse, ina gyaran murya. Rannan Hanne matar mahauci ta shigo tana dafa bango, gumi mai sanyi na zuba, leɓenta ya yi fari kamar ta lashi toka. Ban dubi fuskarta da kyau ba, na'urata nake kallo. Lamba ta fito kusa da wadda aka nuna min.

Na ce, "Hanne, lafiyarki ƙalau. Son jiki ne. Je ki dama kunu ki sha."

Mijinta yana tsaye a soro, ya ji. Ya ce, "Iya, na'urarki ta ce lafiya, amma matata ba ta ce ba."

Ya ɗora ta a babur, maƙwabciya ta riƙe ta ta baya, sai asibitin Gaya. Aka tarar zuciyarta na tafiya a hankali kamar jakin da ya dawo daga kasuwar Ajingi da kaya. Ashe akwai wata lamba ƙarama a ƙasa mai nuna bugun zuciya, ni ban taɓa sanin aikinta ba. Daga Gaya aka tura su Kano. Tana nan da ranta, kuma duk inda ta gan ni, ko a gidan makoki ne, sai ta miƙo min hannu ta ce, "Likita, a ɗan gwada ni mana."

Saboda haka ki fara duban mutum kafin allo. Ki kira sunansa, ki dubi leɓensa, ki sa yatsunki a wuyansa. Ke kika ce min wani lokaci layi na tafiya daidai a allo alhali babu bugu a wuya. Wani lokaci kuma allo na hauka, mutumin kuwa yana zaune yana tambayar shayi. Kada in ji an ce jikata ta buga wa mai neman shayi shokin.

Waɗannan biyun na faɗe su ina dariya. Na uku ban taɓa faɗa miki ba.

An gaya miki babanki ya faɗi a gona, ajali ya yi. Gaskiya ne, amma ba a ƙarasa miki ba. Kin san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na kallonsa a gaban mutane, ba na tambayar ya ci ko bai ci ba. Goggonsa Asabe ce ta yaye shi, ita ce uwarsa a idon jama'a. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba, shi ya sa da ya sa miki sunana ya koma ce miki Ummi. Shu'aibu. Ga shi na rubuta. Ashe biro ba ta jin nauyin da harshe ke ji.

Kamar mako uku kafin ranar, ya shigo gaishe ni da safe. Ya durƙusa daga bakin ƙofa yadda ya saba, ni kuma na juya gefe ina tsince shinkafa. Ta wutsiyar ido na ga ya dafe ƙirji. Jijiyar wuyansa na harbawa da sauri kamar maƙoshin ƙadangare, ta tsaya, ta sake kamawa. Ya ɗan jima a haka, sannan ya sauke numfashi ya ce, "A tashi lafiya," ya fita. Bayan kwana biyu mamanki ta raɗa min cewa ya yanke jiki a bakin rijiya, ya farfaɗo da kansa, ya ce zafin rana ne.

Na ga abin da idona, na ji da kunnena. Me na yi? Na yafa mayafi na tafi gidan Asabe, muka yi hirar tsadar manja, sai da zan tashi na ce, "Yaron nan naki dai a ce ya rage aiki." Asabe ta gaya wa Malam wai Rakiya ta ce yaro na wahala. Malam ya ce da shi, "Ka riƙa hutawa." Shi kuma ya ce, "To." Maganar da ta fito daga cikina da zafinta, kafin ta isa wurinsa ta huce.

Ranar an yi gayyar cirar gyaɗa a gonar Malam. Yayyen Malam suna nan, kakanki na wajen uwa yana nan, samarin unguwa sun cika gona. Da hantsi muka kai fura, ke kina goye a bayan mamanki. Ina zaune a gindin ɗorawa ina damu, na hango shi ya tsaya ya jingina da ƙotar fartanya. Ya tako a hankali ya zauna a bakin gona, ba nisa da ni. Ya dube ni, Ummi. Na kau da kai, don surukai na kallo, kuma uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari. Na ce da matar da ke kusa da ni, "Wasu dai sun fara gajiya." Ta yi dariya. Iyakar ihun da na yi ke nan.

Na gama dama ƙwarya guda cur ina jiran wani ya lura. Sannan ya kife ta gefe. Ƙanensa, Baffanki Sale, shi ya fara kwarma ihu. Aka kwara masa ruwa, ana fifita da hula, ana salati. Babu wanda ya san zancen danna ƙirji a lokacin. Ni ina tsaye daga baya da ludayi a hannu. Kafin a samo mota a kai shi Gaya, ya cika.

A zaman makoki mata suka yi ta yabona. "Kai, Rakiya akwai kara. Ko hawaye ba ta yi ba." Na karɓi yabon ina sunkuyar da kai. Shekara ashirin da wani abu ke nan, yabon nan bai bar ƙirjina ba.

Ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Malam ma kafin ya rasu ya ce min kwanan mutum ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma abin da ka gani ka yi shiru, wannan kai za a tambaya. Ranar da kike gwajin danna ƙirji a kan matashina, na tambaye ki kamar da wasa, na ce, "In mutum ya faɗi a gona fa?" Kika ce dannawa na iya riƙe shi, amma in babu na'ura da wuya. Kika ƙara da cewa, "Ai Iya, irin wannan sau da yawa yakan yi sallama tun da wuri. In an gwada mutum a kan lokaci, akwai abin da ake yi masa." Kika ci gaba da danna matashi kina ƙirge. Ni kuma na shiga madafa, na ce hayaƙi ne ya shigar min ido.

Da ma a nan na tsaya, da sauƙi. Amma da mamanki ta yi aure a Ajingi aka bar min ke, sai na ɗauki abin da ya cuce ni na ɗura miki. Kin tuna kina 'yar shekara tara, wani baƙon malami ya zo wurin kakanki, yana jan aya ya tsallake kalma? Kina shara a tsakar gida kika ɗaga murya kika gyara masa. Ke ce da gaskiya, shi ma ya ce Allah ya yi miki albarka. Da ya tafi na ja kunnenki har kika yi fitsari, na ce yarinya ba ta gyara wa babba. Daga ranar muryarki ta shige ciki. Kowa na cewa jikar Rakiya akwai natsuwa, ni kuma ina hura hanci.

Sai bara, kina koyon aiki, kika ba ni wani labari kina murmushi. Kin ga layin zuciyar wani tsoho ya canza a allo, kin gane irin mugun nan ne, amma babbar sista tana magana da likita, sai kika tsaya a bayanta kina murza yatsu, kina jiran su kai aya. Allah ya kawo wata nas ta hango allon ta ƙwala kira. Tsohon ya tashi. Kika ce, "Iya, na ji nauyin katse su ne." Na gan ni a gindin ɗorawa, sai dai an sa min fararen kaya.

To ki saurara, 'yar nema. Tarbiyyar nan na janye ta daga ƙofar ɗakin aikinki zuwa ciki. A waje ki durƙusa ki gaida manya, ki sunkuyar da kai, ban hana ba. Amma da zarar kin sa ƙafa a ɗakin nan, babban kowa shi ne wanda ke kwance. In kin ga abu, ki faɗe shi da sunansa, da lambar gadon, da muryar da mai tallan kifi za ta ji kunya. Kada ki ce "kamar dai", kada ki ce "ko za a ɗan duba". Kada ki ba wani saƙo ya kai wa wani, na gaya miki yadda saƙo ke hucewa a hanya. In likitan ya yi jika da ke, ki katse shi. In ya harare ki, harara ba ta kai kowa kabari ba. In kin ga ana tura allurar da kika ce a hankali ake tura ta, ana yi da gaggawa, ki ce a dakata. In kuma ya zamana ke ce ba ki gane ba, ki ce ban gane ba, a nuna miki. Wata rana za ki yi ihu a tarar ba komai, a yi miki dariya. Ki taya su, ki sake yi gobe.

In ta kama a buɗe ƙirjin dattijo ko na matar aure don a danna ko a liƙa wayoyi, ki buɗe, ba lokacin neman mayafi ba ne. Na tambayi malaman gidanmu, sun ce ceton rai ke gaba. In an gama sai ki rufe su da kyau, ki ja labule, ki ba su haƙuri. Kuma in za ki buga shokin nan, ki faɗa da ƙarfi kowa ya matsa, ki duba da idonki kin ga sun matsa. Kada ki yi raɗa ki kayar min da likitan mutane.

Dangin majinyaci kuma, in kin ga wata tsohuwa a bakin ƙofa ta kau da kai kamar ba abin da ya dame ta, ki je wurinta. Ta yiwu ita ce uwar. Ki ja ta gefe inda babu surukai, ki tambaye ta me ta gani a makonnin baya. Ta ga komai. Jira take a tambaye ta.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ƙone kwana uku ina rubutu.

Ranar Juma'ar da ta wuce an yi suna a gidan Baffanki Sale. Zaure cike da abokan cinikinsa na kasuwar hatsi. Ya shigo cikin gida ɗaukar goro, ya sunkuya, da ya ɗago sai ya kama ƙyauren ɗaki ya tsaya cik. Na dubi wuyansa. Irin harbawar nan ce, ban manta ta ba. Wannan karon na ajiye kwanon hannuna, na buɗe maƙogwaro a gaban matan suna, na ce, "Sale! Mene ne a ƙirjinka?"

Matan duk suka waiwayo. Ya ce, "Haba Iya, a gaban mutane? Yunwa ce, ban karya ba."

Na ce, "Ƙarya kake, na ga ka cinye waina shida."

Matarsa ta fashe da kuka, ta ce sau biyu ke nan yana yanke jiki a rumfa, ya hana ta faɗa. Na ce gobe asibiti. Ya ce lokacin kaka ne, buhuna ba sa jira, sai bayan an gama awo. Kin san Baffanki, shi ya tsaya miki tun daga firamare, kuma bai saba a ce masa yi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce zan yi fushi. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Iya," ya sa takalmi ya fita.

Shi ya sa na canza dabara. Na ce masa takardar nan maganar aurenki ce, wani ya aiko, kuma sirri ne, ba a ba direban bas. Dole ya kai miki hannu da hannu a wurin aikinki, ya zauna ki karanta, ya dawo min da amsa. Allah ya yafe min ƙaryar, babu wanda ya aiko, wa zai kwashi mai murza yatsu? Yanzu haka na san yana zaune a benci kusa da ke, yana kaɗa ƙafa yana duba agogo, yana tunanin motar komawa gida.

Kada ki bar shi ya fita ƙofar asibitin nan sai an kwantar da shi an liƙa masa wayoyin gaske a ƙirji, likita ya gani. Ki gaya wa likitan yadda yayansa ya rasu, yanzu kin san komai, kada ki rage. Ki tambaya ko abin na bin jini ne, in haka ne ke ma ki kwanta a gwada ki. Amsar da zan karɓa daga hannunsa ita ce doguwar takardar nan mai layi-layi da na'ura ke fitarwa. In ya dawo babu ita, ku biyun kada wanda ya zo gaishe ni.

Zai murtuke fuska. Zai ce, "Ummi, ni kike ba umarni?" Ki ce masa e.

Allah ya tsare ki, ya tsare waɗanda za a damƙa a hannunki. Ya ba idonki gani, ya ba ƙafarki sauri, ya buɗe bakinki a inda shiru ke kisa. Ya ji ƙan babanki, ya yafe wa uwarsa. Ya dawo min da Sale gida da ƙafafunsa. Amin.

Yanzu naɗe takardar, ki ɗago kai ki dube shi.

Kakarki,
Iya Rakiya, Kademi